Mai Ba da Umarni a Ɓoye

"Ba zan kira ta ba, Baffa."

Zuliha na tsaye a ƙofar ɗakin yayanta Zakiyyu, wanda sankarar jini ta kwantar tun kafin a yanke gero. Baffa Mamuda ya dire butarsa.

"Da ke kaɗai Hassana mai nono take sakin jiki. Ki je Mawashi ki ce ana son nono a Kusada. In ta zo ta tsallaka shi, ta sakar masa kurwa."

"Ba mayya ba ce, Baffa."

"To ba ke kika tona ta ba?"

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ranar da aka dawo da Zakiyyu daga asibiti, ita ta tara su ta fassara musu abin da take nazari a jami'a. A cikin ƙwayoyin ɓargo akwai wani dogon zare, RNA, wanda ba ya gina komai da kansa, har masana suka daɗe suna ɗaukarsa shara. Ashe yana cikin masu kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu. Idan ya karkace, ɓargo kan yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba. Suka gyaɗa kai, ta zaci fahimta ce.

"Da bakinki kika ce akwai mai ba da umarni a ɓoye," in ji Baffa. "An raina shi, yana cin jini. Mu kuma muka duba wa ke shigowa gidan nan a raine."

"Zare na ce, ba mutum ba."

"Bokonku ya gano abin, sunan ne bai sani ba."

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Tsallakawa ce kawai, Zuliha. Me za ta rage ta da shi?"

"Inna, in ta tsallaka, wa zai ƙara shan nononta a kasuwar Kankiya?"

"Ɗan'uwanki fa?"

"Ƙarin jini yake bukata. Ni zan bayar."

"Jinin da ya zaɓi bare ba zai shiga jikinsa ba," in ji Baffa, ya saki labule. "Kada ki sake taka ɗakin nan sai da Hassana a bayanki."

Ba ta je ba. Ta ci gaba da dama masa kunu, wani hannu na shigar da shi. Tana jin nishinsa ta bango tana wanke zannuwansa, ba ta bari kowa ya ga hawayenta ba.

Zakiyyu ya cika wata rana da la'asar yana tambayar ina Zuliha take. Tana tsakar gida. Ba ta ƙara ganin fuskar yayanta ba, kuma har yau Inna ba ta amsa gaisuwarta.