Ƙarairayin Maigidana

Garinmu a cikin kwari yake, tsaunuka biyu sun sa shi a tsakiya, kogi ya ratsa ta cikinsa. Baƙon da ya sauka a tasha ba ya neman mai yi masa jagora, don mu hannu da hannu muke miƙa shi. Yaya mai masauki, wan mijina, shi ke fara karɓarsa. In ya huta sai ya ce masa, "Kada ka bar garin nan ba ka taka gada mai lilo ba." Mai hoton bakin gada in ya gama ɗaukarsa, ya ƙanƙame igiya idanu waje, sai ya tura shi wurin maginan tukwane. Su kuma su bar shi ya ɓata hannu da yumɓu, ya gina abin da ba tukunya ba kuma ba kasko ba, sannan su nuna masa hanyar lambun lemo. Mai lambu ne ke rufewa da cewa, "Duk abin da ka gani tun safe share fage ne. Gangara bakin ruwa ka shiga jirgi." Jirgin nan namu ne, ni da maigidana.

Aikinmu a rabe yake. Shi yana gaba a tsaye, ya dafa rumfa yana zuba surutu, ni ina baya riƙe da inji. Allah ya jiƙansa, mutumin nan ya iya shara ƙarya. Kowane dutse ya ba shi tarihi, kowace bishiya ya aurar da ita. Baƙi su yi ta dariya har da hawaye, ni kuma ina baya ina tsaki, ƙarar inji tana rufa min asiri. In mun dawo gida in ce masa, "Wai kai ba ka jin kunya?" Sai ya ce, "Amarya, sun biya don su ga ruwa, sauran kyauta na ba su." Amarya yake kirana har furfura ta fito min, duk layinmu kuma suka ɗauka.

Da ya rasu, mutanen layinmu suka yi min alherin da ya kusa kashe ni. Mai lambu ya daina turo baƙi, wai a bar ni in huta. A maimakon baƙi sai kwandunan lemo suka riƙa zuwa, har suka fara ruɓewa a ƙarƙashin gadona. Maginan tukwane suka aiko da tulu, mai hoto ya faɗaɗa hoton marigayi ya kawo. Kowa ya gan ni sai ya karya wuya ya ce, "Sannu, Amarya." Jirgi kuwa yana ɗaure a bakin ruwa, gansakuka tana cin cikinsa. Na gaji da sannu, wallahi na gaji.

Ana haka wata safiya Yaya ya yi sallama, ya zauna a kujerar tsakar gida, ya tattara farar rigarsa kamar kullum. Rabin jirgin nasa ne, don gadon mahaifinsu ne.

"Amarya, na sami mai sayen jirgi," ya ce. "Mutumin kirki ne, yashi yake ɗauka daga ƙasan gari."

"Yashi, Yaya?"

"Zai cire kujeru da rumfa, shi ke nan. Ke kuma ki huta."

"Na ce maka na gaji ne?"

Ya gyara murya. "Ba wanda ya ce ba ki iya tuƙi ba. Amma baƙi baki suke bi. Ke kuwa, ki yi haƙuri, gaisuwarki ma a taƙaice take."

Maganar ta sosa ni, don akwai gaskiya a ciki. Amma da na tuna kujerun da ni da kaina na yi wa fenti, na hango an ɓamɓare su an zuba yashi a wurin, sai na ji jinina ya hau.

"To, Yaya, na ji. Ai mai saye ba zai saya ba sai ya gwada. Jibi ya zo in zagaya da shi. Kai ma ka zo, mai rabin jirgi ya ga abin da zai sayar."

"Ni? Ba sai na shiga ba."

"In ba ka shiga ba, ni ma ba zan sa hannu ba."

Tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin Yaya a cikin jirgi ba. Mutumin da ya tura baƙin da ba su ƙirguwa zuwa ruwa, shi ko ƙafarsa ba ya jiƙawa. Ni dai na ɗauka tsoron ɓata farar riga ne.

Daga nan lambu na nufa. Mai lambu yana hango ni ya fara karya wuya, na ce, "Malam, miƙe wuyanka. Lemonka ya ishe ni, na gode. Jibi duk baƙon da ya shigo lambun nan ka gangaro min da shi, in ba haka ba in dawo maka da kwandunanka da abin da ke cikinsu." Ya miƙe wuyan, ya ce to. Washegari na wuni ina kankare gansakuka, na wanke rigunan ceto na shanya, na canja wa inji mai. Da na ja igiya ya tashi a karo na farko, sai da na yi masa kirari.

Ranar da aka sa, mai lambu ya cika alkawari. Ya turo wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da mijinta mai sanda, da wasu 'yan mata ɗalibai da wayoyinsu a sama tun kafin su zauna. Mai yashi ya zo yana ƙwanƙwasa katako yana duba ƙusoshi. Yaya ya zo a ƙarshe, ya shiga a hankali, ya zauna a tsakiyar kujerar tsakiya, ya ɗaure rigar ceto har wuya.

Muka tashi. Ruwa ya kwanta luf, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Muka bi ta ƙarƙashin gada mai lilo, waɗanda ke sama suna ɗaga mana hannu, muka doshi tsibirin tsuntsaye inda belbelu ke rufe bishiyoyi fari fat. A nan marigayi yake fara wasansa, don haka na rage inji, na yi gyaran murya, na ɗauko labarinsa na sarkin belbelu da ya yi yaji. Na faɗe shi daidai yadda yake faɗa, ban rage ko kalma ba. Ba wanda ya ko murmusa. Mijin dattijuwa ya yi hamma, mai yashi ya tambayi Yaya ko jirgin yana yoyo. Na ji kunya ta rufe ni, na ƙara wuta muka wuce.

Da muka zo wurin wani dogon dutse da ya kwanta a gefen ruwa, ɗaya daga cikin ɗaliban ta juyo ta ce, "Mama, wancan kamar kada, ko?"

"Maigidana cewa yake kada ne na gaske," na ce, "wai ya haɗiye agogon wani bature ya ƙi amayarwa, aka tsine masa ya zama dutse, wai in ka kasa kunne za ka ji agogon yana tafiya." Sai abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito da kansa. "Ƙarya ce. Dutse ne. Mata suna shanya wanki a kansa."

Dattijuwar nan ta fashe da dariya har ta dafa mijinta. 'Yan matan suka juyo da wayoyinsu kaina.

"Mama, sai me kuma yake cewa?"

Ai sun taɓo ni. Na nuna musu kogon da ke jikin tsauni, na ce marigayi ya rantse ramin ya ɓulle wata ƙasa, wani ya shiga da akuya ya fito da raƙumi. "Na shiga da kaina. Jemagu ne a ciki, da wari. Amma ku je da yamma, bakin kogon ya fi ko'ina kyan kallon faɗuwar rana, wannan kam ni na faɗa." A magangarar ruwa na matsa da jirgi har feshi ya jiƙa mana fuska, na gaya musu wai shi ya ce duk wanda ruwan ya taɓa ba zai tsufa ba. "Ga ni nan, kullum sai ya taɓa ni, ku dube ni da kyau." Mijin dattijuwa ya miƙa sanƙonsa cikin feshi ya ce shi dai zai gwada. Mai yashi ma ya bar ƙirga ƙusoshi yana ƙyaƙyatawa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don tsawon zamanmu ban taɓa cin gardama da maigidana ba sai yau. Daɗin kuma da ɗaci a ciki, don duk ƙaryar da na ƙaryata sai na saurara in ji ya rama.

Wuri na ƙarshe shi ne matsatsi, inda tsaunukan biyu suke matsowa har su kusa haɗuwa, ruwa ya yi duhu ya yi ƙarfi, sanyi ya sauko. A nan ake gane mai tuƙi. Na bi ta gefen hagu inda ruwa ya fi zurfi, na kauce wa duwatsun da ke ɓoye, na shiga wani lungu mai kwanciyar ruwa, na kashe inji. Kowa ya ɗaga kai yana kallon siririn sararin da ya rage a sama.

"Nan ne ya ajiye babbar ƙaryarsa," na ce. "Wai yana yaro, shekarar da aka yi babbar ambaliya, kwalekwale ya kife da shi da wani a daidai nan. Wai ya goya mutumin, wanda ya fi shi girma, ya yi iyo da shi har wancan dutsen, suka maƙale a kai har aka zo aka cece su. Ku dubi ruwan nan don Allah. Yaro, da ƙato a baya, a cikin ambaliya! Wannan ko shi kansa ba ya kallon idona in yana faɗa."

Suka fara dariya, sai Yaya ya yi magana.

"Wannan ba ƙarya ba ce."

Hannayensa biyu na riƙe da bakin kujera, idonsa na kan dutsen.

"Ni ne ƙaton," ya ce. "Ni na ɗauko kwalekwalen babanmu ba da izini ba, ni na ja ƙanena muka zo. Na roƙe shi kada ya faɗi sunana, bai kuwa taɓa faɗa ba. Tun ranar ban sake shiga ruwa ba sai yau."

Jirgi ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar dutse. Sau nawa na ce wa marigayi ya ji tsoron Allah a kan labarin nan, shi kuma ya yi dariya ya ce, "To, Amarya." Ya bar ni ina kiransa maƙaryaci don ya rufa wa wansa asiri. Kewarsa ta taso min a lokaci ɗaya, har sai da na juya na yi kamar ina duba inji.

Yaya ya juyo wurina. "Ba don bakinki nake son sayarwa ba, Amarya. Duk ranar da jirgin nan ya nufo matsatsi, a tagar saman masauki nake tsayawa har sai na ga ya dawo. Shi na jure, don na san abin da zai iya a ruwan nan. Ke in wani abu ya same ki, me zan ce wa 'ya'yansa?"

Na share fuskata da gefen mayafi, na dube shi sosai, abin da ban taɓa yi ba.

"Yaya, duk shekarun da kake tsaye a taga, wa kake tsammani yake riƙe da inji? Shi surutu yake yi. Ni nake dawo maka da shi."

Dattijuwar ta miƙa masa hankici, ya karɓa bai san ya karɓa ba. Can ya juya wurin mai yashi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, na wahalar da kai. Jirgin yana da mai shi."

Mai yashi ya ɗaga kafaɗa ya ce ai shi bai yi asara ba, ya sha yawo kyauta, kuma zai kawo matarsa. Na ce kyauta ta ƙare daga yau. Sannan na ja igiyar inji, na juya kan jirgi zuwa gida.

"Ki bi a hankali," in ji Yaya.

"Saki kujerar, Yaya, ka ɗaga kai ka kalli garinku. Zan kai ka."