Sandar da Ban Kafa Ba

Tsakanin gidanmu da filin ciyawar Baffa Gavrila akwai wani tsohon shingen ƙaya. Tun da aka kawo ni gidan nan bushiyoyi ke zaune a gindinsa. Da yamma sukan fito kalar dodon koɗi da ƙwari, kuma duk shekarun nan ban taɓa ganin maciji a tsakar gidana ba. Inda bushiya take kububuwa ba ta sakewa, ko yaro a ƙauyenmu ya san wannan.

Baffa Gavrila ƙanin mahaifin mijina Todor ne. A watan Yuni saniyarsa ta rage nono, sai ya ce bushiyoyi ke tsotse ta in ta kwanta, wai haka ya ji daga kakanninsa. Na ce masa bakin bushiya ko ɗan yatsana ba zai ɗauka ba. Ya tambaye ni yaushe aka haife ni. Washegari ya cinna wa rabin shingen wuta, waɗanda suka fito ya bi su da bayan shebur. Uwa da 'ya'ya huɗu na kwashe na binne.

Bayan sati uku, 'yata Anuta, mai shekara uku, tana wasa a gindin tarin itace, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Kwana shida muka yi a asibitin birni, ƙafar ta kumbura har gwiwa ta yi baƙi. Allah ya bar mini ita. Da muka dawo Baffa ya zo dubiya da kwalbar zuma, ya shafa kanta, ya ce da an gama yankan ciyawa zai ƙone sauran shingen, tunda daga nan macizai ke fitowa. Ni kuwa na san akwai bushiya ɗaya da ta rage a wannan rabin, don ina ganin kashinta da safe. Na roƙi Todor ya yi masa magana. Ya ce filin dattijo ne, shingen ma nasa ne, ya ci gaba da cin tuwon masararsa.

Gayyar yanka ta faɗo a watan Agusta, lokacin da rina ta cika ramukanta a ƙasa. Ana gobe gayya, mata ne ke zaga filin, duk ramin rinar da aka gani a kafa masa sanda da jan ƙyalle, don masu dogon lauje su kauce. Inna Dochia, matar Baffa, ta raba mana sanduna, ta ba ni gefen shinge tunda shi ke kusa da gidana. Shi ne kuma layin da mai fili ke fara yanka da kansa, kafin sauran maza su biyo.

Na sami ramin a ƙarƙashin wani kututture, tsakanin fararen furanni. Babba ne, suna shiga suna fita ba hutu. Na tsaya da sandar a hannu, fara na tsalle a kan siket ɗina, na yi lissafi. Baffa ya sha cika baki cewa harbin rina bai taɓa kwantar da shi ba, kuma na taɓa gani an harbe shi sau uku bai fasa aiki ba. Ba zai mutu ba ke nan. Ban kafa sandar ba, na cusa ta cikin shinge, na koma gida.

Da safe na ɓoye dutsen wasa laujen Todor a cikin buhun gari don kada ya isa filin da wuri, ya ɓata lokaci yana nema yana mita. Na rufe Anuta a ɗaki da 'yar tsanarta. Na yanka albasa uku na ajiye a kwano, sannan na tsaya a bakin ƙofa.

Baffa ya yi alamar gicciye, ya tofa yawu a tafinsa, ya fara. Yana waƙa ma. Da laujen ya daki kututturen sai waƙar ta tsaya. Ya yar da lauje, ya yi ta dukan wuyansa da hula, ya ruga rafi yana tuntuɓe, maza na bayansa suka watse suna dariya. Ban yi dariya ba. Ƙafar 'yata nake gani a lokacin, yadda ta yi baƙi a kan farin zanen asibiti.

Gidana ya fi kusa, nan aka kawo shi, ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an hura. Na zaunar da shi a benci na shiga goga masa albasa. Harbi goma sha ɗaya na ƙirga. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

Ya ce, "Ke 'yar nan, yaushe kika yanka albasar nan?"

Na ce, "Tun da safe, Baffa. Ɗaga haɓarka."

"Gefen wa ne wannan jiya?"

"Nawa ne. Baɗi ma nawa ne, in Inna ta ba ni. Muddin shingen nan na tsaye, ko ramin tururuwa ba zai wuce idona ba. In ya ƙone, hayaƙi kan ɓata mini gani."

Ya juya wajen matarsa yana jiran ta yi mini faɗa. Inna Dochia ta dubi Anuta da ta fito tana jan ƙafa, ta ce masa ya rufe baki albasa na shiga.

Bayan kwana biyu Todor ya tarar da dutsensa cikin buhun gari, ya ce in ji tsoron Allah. Baffa har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa. An kwashe ingirici, kaka ta shigo, ba wanda ya kai wuta gindin shingen. Jiya da yamma na ga bushiyar tana jan busassun ganye zuwa makwancinta. Na ɗauko Anuta na nuna mata, na ce kallo kawai, ban da taɓawa.