Tarin Hajo, Lambar Ma'u

A shekarun da kuɗin mai suka hau kan gwamnati, har Jibiya sai da ta ga rabonta. Aka gina sabon asibiti fari fat a kan hanyar iyaka, aka kuma zo da wani tsari da ko a birni ba a saba da shi ba. Ma'aikata suka bi gida-gida, har ƙauyukan Kusa da Daddara, suna ba kowa kati mai lamba. Duk abin da likita ya gani a jikin mutum, akawu zai huhhuda shi a wani katin, a tara, mota ta kai Kaduna, inda aka ce akwai wata na'ura mai ƙwaƙwalwa a ɗaki mai sanyi tana haɗiye katunan. Ita ke faɗin wanda za a kwantar da wanda za a sallama, ita ke aiko da maganin kowa a ƙunshe da lambarsa. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu ba, injin Kaduna suke ce mata. Ba wanda ya taɓa ganinta, amma an fi tsoronta da alƙali.

Masu tsara abin sun manta, ko kuma ba su taɓa sani ba, cewa rabin dangin kowane gida a Jibiya suna ƙetaren iyaka, kuma su ba a ba su lamba ba. Matan gari kuwa, katin asibiti bai fi rariya a wajensu ba. Mai bukata ta aiko, a ba ta, in ta gama ta maido.

Shi ya sa Ma'u, matar Arzika mai goro, ba ta yi dogon tunani ba ranar da ƙanwarta Hajo ta iso daga ƙauyen mijinta na can Nijar, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, Ma'u ce ta goye ta tana ƙarama. Ta zaro katin daga cikin kwalla ta miƙa mata.

"In anka kira Ma'u, ki amsa. Ki ja lulluɓinki, kada ki yi surutu."

Abin ya tafi lafiya lau. Akawun, Malam Kalilu, mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga ido ya dubi matar aure ba. Likitan kuma baƙo ne, duk matan gari kama ɗaya suke yi masa. Aka ba Hajo ɗan kofi ta tofa majina, aka ce sai injin ya yi magana. Ta maido kati, ta koma gidan mijinta.

Sai da damina ta yi nisa injin ya yi maganar. Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidan Arzika, duba-gari ya yi sallama da doguwar takarda a hannu, ya karanto lamba. Mai wannan lamba tana da tarin fuka, za a kwantar da ita a ɗakin bayan asibiti, ba fita sai ta warke, kuma ba a shiga da goyo.

A nan ne ya kamata Ma'u ta buɗe baki. Amma unguwa ta cika, kuma kowa ya ji shelar da aka yi cewa duk wanda ya ba da aron kati za a soke lambobin gidansu kaf. Ta dubi mijinta, ta dubi surukarta da ke karɓar maganin ido da lamba, sai tsoro ya ɗaure mata harshe. Aka kwance 'yarta Safiyatu daga bayanta tana tsala ihu, yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba. Ma'u ta shiga mota da ƙafafunta, lafiyarta ƙalau.

Ɗakin bayan dogo ne, an kewaye shi da waya, da maigadi a bakin ƙofa. Gadaje jere, kowane da lamba a rataye. Daga taga ana hango manyan motoci sun yi layi a shingen kwastan, ana ɗaga musu ƙarfe suna wucewa Maraɗi, kullum, kamar da gayya. Da ta gaji da kuka, sai ta tare Malam Kalilu da ya zo ɗaukar katunan mako.

"Malam, don Allah ka saurare ni. Wallahi ba ni ce mai tarin ba. Ƙanwata ce, na ara mata..."

"Ban ji ba," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Baiwar Allah, ban ji komi ba. In na rubuta wanga zance, lambar ta mutu. In ta mutu, ba maganin da za shi zo, ba naki, ba na kowa."

"To a kawo ta ta kwanta nan, ni in tahi gida."

"Da ranar da mota ta je kinka turo ta, da an wuce wurin. Yanzu Sista ta san fuskarki, maigadi ya sani. Injin nan ba a ce mashi an yi kuskure. Ba shi da kunne."

Ya tattara katunansa ya fita. Ma'u ta zauna a bakin gado tana juya maganarsa, har ta ga abin da ke cikinta. Muddin tana kwance a gadon nan, maganin Hajo zai riƙa zuwa.

Daga ranar ta koyi ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Sista ta ba ta, ta kurɓi ruwa, ta buɗe baki a gani, Sista na juyawa ta tofo ta ƙulle a gefen zane. Ranar kasuwa Mariyamu mai fura, wadda ke zuwa daga ƙauyen su Hajo, za ta tsaya jikin waya kamar mai talla, ƙullin ya faɗa cikin faifai. Ba ɗan dwan, wato ma'aikacin kwastan, da zai tsaya binciken ƙwaryar fura. Allura ce kawai ba ta aikuwa. Ita Ma'u ke shan ta a mazaunai kowace safiya, har kunnenta ya fara kuka kamar an sa mata ƙudan zuma, in ta miƙe tsaye ɗakin ya juya. Takaici ya ishe ta. Wani lokaci har Hajon take jin haushi, sannan ta yi istigfari.

Arzika na zuwa bayan la'asar, ya tsaya nesa da waya kamar yadda doka ta ce, Safiyatu a kafaɗarsa. Ya san komai yanzu, kuma bai yafe ba.

"Ɗiyarki ta ƙi koko, ta ƙi madarar gwangwani," ya ce. "Dubi wuyanta. Ke da ƙanwarki kun kyauta."

Ma'u ta duba. Yarinyar na miƙo hannu ta cikin iska, bakinta na motsi.

Da aka fara yankan gero, Sista ta raba ƙananan kofuna, za a sake gwajin majina. Malam Kalilu ya rage tafiya da ya zo daidai gadon Ma'u, ya yi kamar yana gyara katunansa.

"Albishirinki. Naki za shi fito fes, tunda dama ba komi. Injin na gani za shi sallame ki, shi rufe maganin lambar. Ki fara ɗaure kayanki."

Daɗi ya kama ta. Ta ga kanta a tsakar gidanta, ta ga Safiyatu a cinyarta. Sai daga baya ƙarshen maganarsa ya iso mata.

Ranar kuwa kasuwa ce. Mariyamu ta iso jikin waya tana fara'a tun daga nesa.

"Hajo ta tashi zaune! Jiya har tuwo ta ci, ta ce a gaishe da Yaya. Jinin ya tsaya, saura tarin. Ta ce don Allah kada ƙwayar ta yanke, ta ji an ce in ta yanke ciwon dawowa shikai da ƙarfi."

"Haka ne," in ji Ma'u. "Ki ce mata na ji."

Ta koma ciki da kofin a hannu. Ba ta son zama a ɗakin nan ko na yini guda, ta tsani warinsa, ta tsani tarin da ba ya ƙarewa, kuma tana tsoron wata rana ya kama ta da gaske. A gadon kusa da nata akwai wata tsohuwa daga Gangara da ta daɗe tana lura da ƙullin gefen zane, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ma'u ta durƙusa a gabanta ta miƙa kofin.

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi kofin. "Ke 'yar nan, kin san mi kike yi? Sai wata daminar fa."

"Na sani, Inna."

Tsohuwar ta karɓa, ta juya baya, ta yi tari mai tsawo.

Da Sista ta zo tattarawa ta leƙa kofin Ma'u, fuskarta ta canza. "Wayyo Ma'u, har da jini? Ga ki kamar kin murmure. Ki yi haƙuri, ba yanzu ba."

Ma'u ta fashe da kuka, matan ɗakin suka yi ta ba ta baki, suna cewa ciwo ba mutuwa ba ne.

Bayan la'asar Arzika ya zo, har da sabon ɗankwali a takarda, don Malam Kalilu ya yi masa albishir a masallaci. Ta tsaya daga cikin waya, ba ta yarda ta dubi yarinyar ba.

"Malam, ka kai ta wajen Innarka a yaye ta," ta ce wa mijinta. "Kada ka ƙara kawo ta nan."

Tun ranar da aka kawo ta, kullum sai ta zagaya bayan ɗakin ta tatse nononta a ƙasa, don kada ya ƙafe kafin ta koma gida. Yau da ta zagaya, sai ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe ƙirjinta da shi, ta ja ta ɗaure tamau.