Jif Ɗin Azariya a Bayan Gawa

Azariya na cikin manna hoton surukinsa a goshin mota sai ga tsohuwar motarsa ta shigo harabar mutuware, bai ko ji shigowarta ba. Haka take tun da can, in tana tafiya a hankali ba ta da ƙara. Sai da inuwarta ta faɗo kan ƙafarsa sannan ya ɗaga kai. Gregory ne ya fito daga ciki, ɗan ƙanen marigayin, malamin firamare a Sabon Tasha, wanda ya saye ta a hannunsa.

"Suruki, sannu da haƙuri," in ji Gregory. Bai jira amsa ba ya bubbuga rufin motar. "Ka ga yarinyarka? Tun farkon sati na ba shi mai. Na je makaranta, na je kasuwa, na taso daga Kaduna, allura bai sauka rabi ba. Wani lokaci har tsoro nake ji, ko geji ɗin ya lalace ne."

"Allah ya sa albarka," Azariya ya ce, ya ci gaba da danna salatif a kan hoton Baba Andrawus.

Motar irin wadda makanikai ke kira hayibirid ce, rabi mai rabi batir. Da ita yake zuwa Kachia sarin citta, ya je ya dawo, har ya manta ranar da ya shiga gidan mai. Sai dai kujerunta kamar bencin coci, ga ta ƙasa-ƙasa, kowane rami sai ta gaishe shi da cikinta. Abokan kasuwancinsa kunkuru suke ce mata. Shi kuma abin yana cin sa, ko da yake dariya yake yi tare da su. Shekarar da citta ta yi daraja ya sayar da motar, ya ƙara abin da ya tara, ya sayo baƙar jif mai silinda shida, kujerun fata, esi har baya. Bai gama jin daɗinta ba aka cire tallafin mai. Damina ta shigo, ciwo ya faɗa wa citta, ta ruɓe a ƙasa. Tun daga nan jif ɗin take ƙarƙashin mangwaro a lulluɓe da tampol, mai ita kuwa yana tsaye bakin titi yana tare keke.

To, yau babu zancen keke. Shi ne mijin babbar 'yar marigayi, shi ne mai babbar mota, don haka shi zai ɗauki Mama Afiniki, matar mamacin. Kuma kowa ya san ƙa'ida: motar matar mamaci ita ce ke bin gawa kai tsaye. Ba ta wucewa, ba ta ratsewa, ba ta barin wata ta shiga tsakani, har a kai ƙofar coci. Jiya ya zuba iya man da aljihunsa ya iya ɗauka. Ya auna a ransa, daga Kafanchan zuwa ƙauyensu a bayan Manchok zai kai, har da ɗan saura. Dawowa kuwa ya bar wa Allah.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne jira. Matarsa Hulda ta riƙo uwarta a hankali, tsohuwa mai ciwon baya, ta zaunar da ita a kujerar baya.

"Kunna mata esi," ta ce. "Zafin nan zai tayar mata da hawan jini."

Ya kunna. Ana can ciki ana shirya gawa, ana neman wanda ya riƙe farar safar hannu, inji kuwa yana ta gurnani a tsaye. Da aka fito kuma sai dattawa suka ce dole a biya da Baba ta gidansa na cikin gari, ya tsaya a ƙofarsa ta ƙarshe. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, 'yan zumuntar mata suka ɗora waƙa. Azariya na zaune riƙe da sitiyari, idonsa a kan allura, bakinsa na cewa amin.

Sun wuce Kagoro kenan wutar gargaɗin ƙarewar mai ta kama.

Ya karkata wajen Hulda, ya rage murya. "Wuta ta kama."

"Wace wuta?"

Ya nuna mata da haɓa. Ta duba, ta dube shi.

"Ba ka cika ba?"

"Da me zan cika, Hulda?"

"Kar ka soma. Ka ji ko? Yau ɗin nan kar ka soma. Duk dangin babana suna bayanmu."

Ga gidan mai nan a hannun dama, babu ko layi, mai sayarwa na zaune yana danna waya. Azariya ya bi shi da kallo har ya wuce. Ya miƙa hannu a ɓoye ya kashe esi. Ba a jima ba murya ta fito daga baya, a gajiye.

"Azariya, iskar ta ɗauke ne?"

"A'a, Mama. Hannuna ne ya taɓa."

Ya mayar. A madubi yana ganin Gregory a bayansa, gwiwar hannu a taga, da mata cike da motar, yana tuƙi hankali kwance kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Azariya ya kau da ido daga madubin. Ba wanda ya ƙwace masa ita. Shi da kansa ya wanke ta, ya miƙa makulli, har yana tausaya wa mai saye.

Duk da haka ya ga kamar za su kai. Daga Manchok saura kaɗan. Sai da suka bar kwalta suka sauka hanyar ƙauye ya hango su: 'yan Birged na coci jere cikin kaki, da ganguna da ƙaho da tuta. Baba Andrawus ya daɗe yana kyaftin ɗinsu, sun fito su karɓe shi tun daga mararraba. Suka shiga gaban motar gawa, aka buga ganga, suka soma takun nan na jana'iza, ƙafa ɗaya a ja, a dakata, sannan ɗaya.

Ya dubi allura. Irin wannan rarrafe ne ke shanye jif. Tsohuwar motarsa kuwa a nan take nuna halinta, ta kashe injinta da kanta ta riƙa silalewa a kan batir, ko ɗigo ba ta taɓawa. Yanzu haka abin da take yi kenan a bayansa.

Sun haye kwalbati, rufin coci ya fito a saman tudu, sai jif ta yi tari. Ta sake yi. Ya taka totur, ta yi wata 'yar jijjiga kamar za ta amsa, sannan ta yi shiru. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Motar gawa ta ci gaba da tafiyarta, fili yana buɗewa a tsakaninsu. Ba a yin hon a jerin gawa, saboda haka motocin baya suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ƙofofi suka soma buɗewa. Hulda ta rufe fuska da gyale.

Gregory ne ya fara isowa taga.

"Mai ne?" ya tambaya, da irin raɗarsa da ake ji har ƙarshen layi. "Kai, suruki! Da ka gaya mini. Ba komai, a kawo Mama wajena, zan sauke mutum ɗaya."

Azariya ya fito. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, bai iya kallon tsohuwar ba.

"Mama, ki yi haƙuri. Za ki koma motar Gregory."

"Wacce? Waccan da ta kusa karya mini baya lokacin bikin 'yata Yemima?" Ta gyara zama, ta ja baƙin mayafinta. "Ba na sauka. Mijina na gaba, ni kuma a riƙa juye ni daga mota zuwa mota kamar buhun masara? A nan na shiga, a nan zan fita a ƙofar coci."

Aka yi cirko-cirko. Ganga na ta nisa. Can wani dattijo ya ce, "To ku tura mana, kuna kallo." Maza suka tuɓe kwat, suka dafa bayan mota. Gregory ma ya sa kafaɗa, yana nishi yana cewa, "Babbar mota, babban aiki. Suruki, riƙe sitiyari da kyau, mu ne injinka yau."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, suka tuna inda suke, suka haɗiye.

Haka aka hau tudun. Ba inji, sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi, gumi na zuba a cikin rigar Azariya. Mutanen ƙauye sun jeru gefen hanya, wasu na kuka, wasu na leƙen fuskarsa ta gilashi. A nan ya yanke shawara. Da an gama zaman makoki zai sayar da ita, ko nawa aka taya. Zai nemo ƙarama, ko da kujerarta ta fi dutse tauri, ko da za a yi ta ce mata kunkuru har ya mutu. Da ya ƙudura haka sai ya ji numfashinsa ya ɗan sauka.

Suka cim ma gawa daidai lokacin da ake sauke akwati. Ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Hulda ta fito da uwarta, ba ta ko dubi inda yake ba. Amma Mama Afiniki ta miƙo hannu ta kama nasa, a gaban fasto da dattawan gida da dukan jama'a.

"Ku ga ɗa," ta ce. "Tun daga Kafanchan ban ji rami ɗaya ba. Babansu ne ke raka ni asibiti kowane wata a motar haya, in dawo in kwanta kamar an yi mini duka. Yanzu ba shi." Ta matse hannun. "Azariya, kai za ka riƙa zuwa kana ɗaukata. Da wannan motar. Kar in ji an ce ka rabu da ita."

"Allah ya yi masa albarka," in ji dattawa. Fasto ya gyaɗa kai. Hulda ta ɗago jajayen idanunta ta kafe shi da su, tana jira.

"To, Mama," ya ce.

Aka shige da ita ciki, waƙa ta tashi. Shi kaɗai ya rage a waje. Ya sunkuya ya nemo dutse, ya tokare tayar baya don kar ta gangara, ya kakkaɓe hannunsa, ya bi su.