Ranar da Aka Yi wa Wanzami Aski

"Shu'aibu, wai me ka yar a ƙofar gidan nan ne?"

Shu'aibu ya tsaya da kwanon kifi a hannu. "Ni? Ban yar da komai ba."

"To, wata biyar ke nan kullum ka zo idonka yana ƙasa. Na ce ko allura ce, in sa Barakatu ta fito da tsintsiya ta taya ka nema."

Datti wanzami ne ya faɗi haka, yana jingine da bangon zaurensa a kan buzu, maganar tana fita ta gefe guda na baki, yadda ta koma tun dawowarsa daga asibitin Zariya. Shu'aibu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ajiye kwanon, ya shiga gaisuwa: ya jiki, ya kwanan iyali, ya zafin nan. Duk gaisuwar da yatsun ƙafar Datti ya yi ta. Ya san su sarai yanzu, har da farcen da ya tsage a babban yatsan hagu.

Ba jiya suka san juna ba. Tare suka yi wasan ƙasa a Ɗorawar Gabas, garin da yanzu kifi ke yawo a saman masallacinsa. Da ruwan madatsar Tiga ya taso, shekara biyu da suka wuce, mota ɗaya ce ta kwaso kayansu zuwa wannan fili da aka yanka musu a hanyar Bebeji, katanga ɗaya kuma ta raba gidajensu. Uban Datti ne ya yi wa Shu'aibu billen da ke kumatunsa. Datti ne ya yi wa 'ya'yan Shu'aibu bakwai askin suna, shi ne kuma ya riƙe kansa duk Alhamis ta biyu shekara talatin, yana aski yana zuba masa labarin duniya. Da fadamar Shu'aibu ta nutse ya koma koyon kamun kifi da furfurarsa, Datti ne ya fi kowa yi masa dariya, shi ne kuma ya fara sayen kifinsa.

Ciwon ya fara ne kamar ɗan ƙurji a gefen hanci. Datti, mai yi wa mutane magani, ya gwada duk abin da ya gada, abu ya ƙi warkewa, sai ci yake yi. Malamin asibiti a Bebeji ya duba ya ce ciwon daji ne, a tafi Zariya kada a tsaya. Shu'aibu da kansa ya raka shi Kwanar Dangora ya sa shi a mota. Bayan wata biyu motar ta sauke wani mutum sanye da rigar Datti. An cire rabin kumatun hagu da gefen hanci, an yanko fata daga cinya an rufe wurin, ta zauna sumul tana sheƙi, launinta daban. Idon hagu ya ja ƙasa yana zubar da ruwa ba ya tsayawa. Tsagar gidansu ta wannan gefen, wadda duk ƙasar Kiru ake gane su da ita, ta tafi gaba ɗaya.

Shu'aibu ne ya fara isa bakin motar. Salati ya kuɓuce masa da ƙarfi, irin wanda ake yi idan an ga gobara, ya ja da baya taki biyu. Datti ya gani. Tun daga ranar Shu'aibu bai ƙara ɗaga ido ya dubi fuskar nan ba. Da farko tsoro ne, gaskiya ɗaya ce. Daga baya tsoron ya tafi ya bar kunya, ita kuwa kullum ƙara nauyi take yi. Kifi kuwa bai fasa kawowa ba, kamar kifi zai yi masa magana.

Shi Datti ko a jikinsa, a idon mutane dai. Matarsa Barakatu ta saya masa rawani don ya riƙa rufewa, ya naɗa kwana ɗaya ya cire, ya ce shi ba hakimi ba ne. Sahun gaba yake tsayawa a masallaci. Idan aka yi masa jaje sai ya shafa wurin ya ce, "Ai cinyata ce ta sami ƙarin girma. Shekara hamsin tana ɓoye a wando, yau ga ta tana gaisawa da jama'a." A yi dariya, a tashi da sauri. Da aka fara raɗe-raɗin wai askarsa za ta iya ɗaukar ciwon ta kai wa wani, bai tsaya musu da kowa ba. Da hannunsa ya rataye zabirar askinsa a ƙusa, duk wanda ya zo da jariri ya tura shi wurin Maikano, wanzamin Kwanar Dangora, har da yabon hannunsa. Shu'aibu bai taɓa ganin namiji irin wannan ba, hakan kuma shi ya fi hana shi sakat.

Yanzu ciwon ya dawo ta wuya, hannun dama ya mutu, kowa ya san inda aka dosa. Suma da gemu sun taru sun cukurkuɗe. Sau biyu ana aika wa Maikano. Na farko ya ce kekensa ya lalace, na biyu ya aiko da goro da gaisuwa.

"Kada ku zage shi," in ji Datti. "Da askar nan yake ci. In aka ji ta taɓa ni, wa zai ƙara ba shi kai?" Ya gyara zama da ƙyar. "Shu'aibu, sauko mini da zabirar can."

Shu'aibu ya sauko da ita, ya kaɗe yanar gizo-gizo.

"Yau Alhamis. Kai za ka yi mini aski."

"Haba Datti! Ni da ban taɓa riƙe aska ba?"

"Kana riƙe wuƙa kullum."

"A bari in hau mota in je Tudun Wada, ba za a rasa wanzami ba. Ko nawa ne..."

"Ba na son baƙo." Muryar ta sauka, wasan ya fita daga cikinta. "Ni na aske rabin mutanen garin nan tun suna kwana bakwai a duniya. Ba zan je gaban Ubangijina da kai kamar na mahaukacin kasuwa ba. Kuma ba ni da Alhamis da yawa. In ba za ka iya ba ka faɗa, ba zan riƙe ka ba."

Shu'aibu ya dubi zabirar da ke hannunsa. Ya san abin da ake roƙonsa, ba askin ne kaɗai ba. Ya leƙa cikin gida ya ce, "Uwargida, a taimaka da ruwan ɗumi da sabulu." Barakatu ta kawo a ƙoƙo, ta dubi mijinta, ta dubi Shu'aibu, ta koma ciki.

Kai bai ba da wuya sosai ba, don a baya ake tsayawa. Datti ya nuna masa yadda ake wasa askar a jikin guntun fatar da ke cikin zabira, yadda ake jiƙa suma a murza har ta yi laushi, yadda ake kwantar da bakin askar kada a tsayar da shi. Shu'aibu ya fara daga ƙeya.

"Sannu, sannu! Ba karfasa kake kankarewa ba."

"Ka ga wanzami ba ya son jarfa."

"Wanzami ba ya son masunci dai."

Suka yi dariya, ta gaske wannan karon, irin wadda suka daɗe ba su yi ba. Suma ta yi ta zuba a kan tsumman da aka ɗaura masa a wuya, fara ta fi baƙa yawa. Da aka gama kai, Shu'aibu ya tsaya yana ta wanke askar, ya wanke ya ƙara wankewa.

"Ta wanku," in ji Datti. "Zagayo."

Ya zagayo ya durƙusa a gabansa. Ya shafa sabulu a kumatun dama, mai lafiyar, idonsa a kan wuyan riga. Ya kai aska a haka, a makance, ya ja. Datti ya ɗan zabura. Jini ya tsatso a ƙasan kunne, ɗan siriri, ya gangaro cikin kumfa.

"Innalillahi! Na yanke ka."

"Ka yanke ni mana. Babana da ya fara koya mini, abin da ya fara faɗa ke nan: inda ido bai je ba, aska ba ta zuwa. Wannan gefen mai sauƙin ke nan. Ɗaya gefen akwai kwari da tudu, akwai inda gashi ke fitowa a bakin ɗinki. In ka shiga can da ka a sunkuye, yanka ni za ka yi kamar rago." Ya kama hannun Shu'aibu da hannunsa mai aiki, ya ɗora yatsun a kan sabuwar fatar. "Ja ta nan, ta miƙe. Sannan ka duba."

Shu'aibu ya ɗago.

Fatar tana da ɗumi, ba ta da gashi, laushinta kamar na tafin jariri. Ya ga sawun ɗinkin ya zagaye ta, ya ga inda hancin ya ƙare ba a inda ya kamata ba, ya ga jan naman cikin fatar ido da ruwan da ke taruwa a ciki. Ya jira tsoron nan ya zo. Bai zo ba. Abin da ya gani Datti ne, ya rame ya tsufa, yana kallonsa da idon nan na dama mai neman tsokana. Sai baƙin cikin wata biyar ya taso masa gaba ɗaya, hawaye suka zubo masa.

"Datti, ka yafe mini. Ranar nan a bakin mota..."

"Ni ma da na fara ganin kaina a gilashin tagar asibiti, abin da na yi ya fi naka. Kwana biyu ina kuka, na ƙi cin abinci, ƙato da ni. Har yau in na sunkuya alwala na ga inuwata a ruwa, sai na ce wane ne wannan." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Yaran da ke gudu in sun gan ni ba su taɓa damuna ba. Su ai sun kalle ni kafin su gudu. Masu ladabin nan ne suka kusa kashe ni. Mutum ya zauna a garinsu, kowa na gaishe shi, ba mai ganinsa. To ka daina kuka, kada ka ƙara mini wata tsagar."

Shu'aibu ya share ido da hannun riga, ya matso sosai har yana jin numfashinsa. Ya bi bakin ɗinkin a hankali, gashi ɗaya ɗaya, Datti yana ce masa kwantar, ɗaga, bi ta ƙasa. Ya rage gemun da almakashi ya daidaita shi. Duk lokacin da idon hagu ya cika, sai ya sa gefen tsumma ya ɗauke ruwan, ya ci gaba. Aikin da Datti kan gama kafin a tauna goro ɗaya, sai da ya kai su kiran azahar.

Datti ya shafa kansa, ya shafa haɓa, ya taɓe bakin da ya rage masa. "Ba laifi. Amma kada ka sayar da kwalekwalenka tukuna."

Ranar Juma'a ya sa aka riƙe shi har masallaci, da farar hula a kan sabon aski. Ranar Asabar da hantsi, Shu'aibu yana gyaran raga a ƙofar gida, ya ji kukan Barakatu ta kan katanga.

Da aka zo wankan gawa, a bayan zanar da aka kewaye a tsakar gida, liman ya dubi mutanen da ke tsaye ya ce wa zai riƙe kai. Kafin ya rufe baki Shu'aibu ya riga ya durƙusa. Ya tallafi kan a tafinsa, ya wanke fuskar sau uku, gefen dama da gefen hagu, ya bi kwarin da tudun da yatsunsa, ya shafa idon hagu har ya samu ya rufu. Ruwan ya daina zuba. A ƙasan kunnen dama ɗan yankan nan yana nan, ya yi baƙin ɓawo, bai kai ga warkewa ba.

Aka naɗe likkafani tun daga ƙafa har wuya, saura fuska. Gefen farin ƙyallen yana hannun Shu'aibu. A waje jama'a sun yi sahu cikin rana suna jira. Liman ya yi gyaran murya, ya dakata, ya sake yi. Shu'aibu yana durƙushe da ƙyallen a hannu, yana kallo.