Minti Huɗu a Aston

"Bakwai," in ji Injiniya Musbahu daga kujerar gaba, yana ɗaga yatsu. "'Yan wasa bakwai muka zo da su. 'Yan Birmingham sha biyu suka rubuta. Tun kafin a busa usur an riga an gajiyar da mu."

Ƙaramar bas ɗin iyaye ta bar Stockport Road tun ƙarfe tara, yanzu tana bin babbar hanyar M6 cikin yayyafi. Su 'yan wasan sun yi gaba a motar kwaleji tare da kociyarsu. Ƙaramar kwaleji ce a kudancin Manchester, wadda ko sunanta ba kowa ya sani ba, amma bana ƙungiyar ƙwallon kwandonta ta mata ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda aka ci yau ya fita ke nan.

"Ai bakwai ma mutane ne, Baban Firdausi," in ji Madam Virtue, ma'aikaciyar jinya daga Moss Side, wadda ta taso a Kafanchan, 'yarta kuma ke tsaron baya.

"Biyar ne mutane, Madam. Biyu ɗin nan na benci, ki gafarce ni, cika lissafi ne. Idan ni ne koci, biyar ɗin farko ba mai fita sai an tashi." Sai ya tuna wadda ke zaune a bayansa, ya juyo. "Ban da Inaya fa, Maman Inaya. Ita ai bana ta fara."

"Ba komai, Injiniya," in ji Turai. Ta mayar da ido kan taga.

Turai akanta ce a council, wato ƙaramar hukuma, shekararta ashirin da biyu a unguwar Longsight. 'Yarta Inaya na cikin biyun da ake magana. Duk kakar wasan nan, in aka tara mintocin da yarinyar ta taka fili, ba su kai rabin wasa ɗaya ba. Ranar Lahadi suna wanke-wanke ta ce, da Hausarta mai gauraye da Turancin Manchester, "Umma, in an gama season ɗin nan na bar shi. Ni ba ɗumama benci na je yi ba." Turai ta ci gaba da ɗauraye kofi.

Abin da Injiniya bai sani ba, abin da ita ma Inaya sama-sama ta sani, shi ne Turai ta taɓa zama irin Firdausinsa. A kwalejin horar da malamai a Kano, a shekarun casa'in, ita ce kyaftin. Filinsu na siminti ne a bayan ɗakin cin abinci, kwandon ba raga, sai zoben ƙarfe da wani mai walda ya lanƙwasa musu. Bayan la'asar suke fita, ƙwallo ɗaya tal, wadda ta sha faci har ba ta tashi daidai. Su shida suka je gasa a Jos, cikin motar makaranta da sai an tura take tashi, suna cin gurasa da ƙuli-ƙuli suna waƙa har Saminaka. Ta shidan ita ce Raki, 'yar Gumel, gajeruwa mai yawan dariya, wadda aikinta riƙe ruwa da tawul.

A wasan ƙarshe malamin wasanni ya yi ta kiran Turai ta fito ta huta, ta ƙi. Gajiya ta sa ta fara kai hannu inda bai kamata ba, laifi na biyar ya cika, aka fitar da ita saura minti uku. Raki ta shiga da sanyin jiki. Aka ba ta jifa biyu, duka suka bugi ƙarfe suka dawo. Maki ɗaya aka ci su da shi. A bakin mota, a gaban kowa, Turai ta ce mata, "Da kujera muka saka ta fi ki amfani." Har suka gama makaranta gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Shekara shida ke nan da ta gani a zauren tsofaffin ɗalibai na waya cewa Raki tana unguwar Aston a Birmingham, tana aikin ungozoma. Barka da sallah kaɗai ke haɗa su. Jiya, bayan ta rubuta ta goge sau uku, ta aika mata: "Gobe ina garinku, 'yata na wasa." Amsa ta zo nan take: "Wane fili, ƙarfe nawa?"

Zauren wasan a Aston ya cika da ƙarar takalma a kan katako da ƙanshin man shafawa na 'yan wasa. Turai na hawa matakala ta ji an ce, "Kyaftin!" Ba wanda ya kira ta haka tun kafin ta yi aure. Wata mata ce cikin rigar sanyi ruwan toka da mayafi shuɗi, ta yi jiki, ta sa tabarau, amma haƙoran nan masu wushirya na nan.

"Raki."

"Ke ce kika tsufa haka? Zo nan, na kama mana wuri. Wacce ce tamu?"

"Mai lamba sha huɗu. Ga ta can a zaune."

Raki ta leƙa benci, ta yi dariya. "Ashe 'yar gidana ce."

Turai ta gabatar da ita ga sauran. Injiniya ya gaishe ta a gurguje, ya buɗe ɗan littafin da yake rubuta makin kowace yarinya.

Cikin kashi huɗun wasan, biyun farko na 'yan Manchester ne. Firdausi, kyaftin, dogon hannu gare ta, duk inda ta tsaya sai ƙwallo ta faɗa. Aka tafi hutu suna gaba da maki tara. Injiniya sai murmushi yake.

"Ba na faɗa ba? Biyar masu kyau sun fi sha biyu."

"Malam, dubi numfashin 'yarka," in ji Raki. "Hannunta na kan gwiwa tun kafin a busa. Su waɗancan sau nawa suka yi canji? Ni na ƙirga takwas. Ku sau ɗaya."

"Hajiya ta san wasan ne?"

"Daga benci na koye shi. Nan ake ganin komai. Mai gudu ba ta ganin ta gaji."

"Amma in kin saka wadda ba ta saba ba, ai ta zubar miki da wasa."

"To yaushe za ta saba, in ba a saka ta tun farkon kaka ba?" in ji Madam Virtue. "Ni tun Nuwamba nake faɗar wannan."

Turai tana kallon Inaya na miƙa wa 'yan uwanta gorar ruwa ɗaya bayan ɗaya, tana dafa kafaɗar kowacce.

Kashi na uku tazarar ta fara narkewa. Tara ta koma biyar, biyar ta koma biyu. Ƙafafun 'yan Manchester suka yi nauyi, su kuwa 'yan gida sababbi suke ta shigowa. Ɗaya daga biyar ɗin ta gurɗe ƙafa, ta shidan ta maye gurbinta. Saura minti huɗu da 'yan daƙiƙu a tashi wasan, Firdausi ta makara wajen tare wata, ta buge mata hannu. Alƙaliyar wasa ta busa, ta ɗaga yatsu biyar: laifin Firdausi na biyar ke nan, sai fita. Injiniya ya rufe littafinsa.

Kociya ta juya. Mutum ɗaya ta rage a benci.

Inaya ta cire rigar sama, ta gyara ɗankwalin wasanta, ta shiga. Ƙwallon farko da aka ba yarinyar ta suɓuce ta fita waje. Wani a bayansu ya yi tsaki. Amma da aka dawo tsaro, sai ta manne wa lamba takwas ɗin 'yan gida, wadda ta addabe su duk kashin, ta hana ta sakat. Sau biyu lamba takwas na neman hanya tana rasawa.

"Ƙafarta ba ta gaji ba," in ji Raki a hankali. "Kin gani?"

Saura daƙiƙa tara, 'yan gida na gaba da maki biyu, aka ture Inaya a ƙarƙashin kwando. Jifa biyu. Zauren ya ɗauki ihu da bugun ƙafa. Turai ta kasa kallo, ta sunkuyar da kai, sai ta ji bakinta na magana.

"Raki, abin da na faɗa miki a Jos."

"Kujera." Raki ba ta ɗauke ido daga fili ba. "Na tuna. Na yi kuka har Kano, ban bari kin gani ba."

"Ni ce na jawo. An ce in fito na ƙi. Ki yafe mini."

"Na yafe tun ina budurwa. Ɗago ki kalli 'yarki."

Ta farko ta faɗa ba ta taɓa ƙarfe ba. Ta biyu ta zagaya bakin zobe, ta yi kamar za ta shiga, ta zamo waje. 'Yan gida suka cafe, lokaci ya ƙare. Hamsin da takwas da hamsin da bakwai.

Turai ta miƙe tsaye, idonta a kan Firdausi, wadda ta taso daga benci tana nufar Inaya da tawul a wuya. Ta san irin tafiyar nan. Firdausi ta isa, ta kama kan Inaya da hannu biyu, ta haɗa goshinta da nata, ta faɗi wani abu. Su biyun suka fashe da kuka, sannan da dariya. Turai ta koma ta zauna.

"Kin san wani abu?" in ji Raki, tana goge tabarau da gefen mayafi. "Minti ukun nan na Jos, su nake ba 'ya'yana labari har sun gaji da ji. Ba na ce musu na ci. Cewa nake na buga wasan ƙarshe."

A wajen ajiye motoci yayyafin ya tsaya. Injiniya na tsaye a ƙofar bas yana yi wa iyaye bayani.

"Matsalar kociyar nan, ba ta gina benci ba. Yarinya kamar Inaya, da tun Oktoba ake ba ta minti goma-goma, da yau wani zancen ake. Abin da nake ta faɗa ke nan."

Madam Virtue ta buɗe baki, Turai ta taɓa mata hannu, ta fasa.

Inaya ta fito da jaka a kafaɗa, idanu ja. Ta rusuna ta gaida baƙuwar da ba ta sani ba.

"Wannan Anti Raki ce," in ji Turai. "Tare muka yi wasa."

"Ni biyu aka ba ni na zubar da biyu," in ji Raki. "Ke kin ci ɗaya. Gwiwar hannunki ce ke buɗewa a ta biyun. Uwarki ta iya gyara wannan, ba wadda ta kai ta jifa a zamaninmu."

Inaya ta dubi mahaifiyarta kamar yau ta fara ganinta. "Umma? Da gaske?"

"Maman Inaya, ku muke jira," Injiniya ya kira daga mota.

Turai ta dubi bas ɗin, ta dubi agogo. Gobe akwai aiki.

"Ku tafi, Injiniya. Za mu biyo jirgin ƙasa."

"Na ɗora miyar kuka tun safe," in ji Raki, ta karɓi jakar Inaya ta rataya. "Ban san ko za ki tsaya ba, amma na tuƙa tuwon da yawa."