Tabo Uku a Ƙwauri

A majalisar unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, kowa ya san labarin Baba Mukhtaru. Yana kamun kifi a Bahar Maliya, ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ɗauke da sojojin sirri ya kifar da kwalekwalensu, shi kaɗai ya tsira.

Ran nan Dauda mahauci ya ƙaryata shi gaban jama'a. "Ya shaihi, kifi ne ya buge ka, tsoro ya mai da shi jirgi!"

Mukhtaru ko kofin shayinsa bai ajiye ba. Ya ɗage jallabiya, ya miƙa ƙwauri. "Kai da ka tsufa da wuƙa, duba. Haƙori ne wannan?"

Dauda ya shafa tabo uku a jere, kowanne sumul.

"Wallahi ƙarfe ne. Farfelar jirgi ce."

"Kalas, magana ta ƙare. Ƙaro mini shayi."